Dalilan da ke sa sitiyarin tsofaffin motocin tsere nauyi da hanyoyin gyara shi

Duk wanda ya saba da motar zamani, wadda yatsa ɗaya ke iya juya sitiyarinta, yakan sha mamaki ranar da ya fara tuƙa tsohuwar motar tsere. Ana nufin ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu, galibi masu kujera biyu, da aka ƙera domin gudu da jin daɗin tuƙi a kan titi, irin su MGB da Triumph Spitfire na Ingila, Porsche 911 ta Jamus, Toyota MR2 ta Japan da Chevrolet Corvette ta Amurka.

Ƙorafin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi shi ne nauyin sitiyari, musamman wajen fakin ko juyawa a matsattsen wuri. Wasu kan garzaya gareji a canja musu famfo ko a sauke musu na'urar sitiyarin gaba ɗaya, su kashe maƙudan kuɗi, su dawo gida nauyin yana nan yadda yake. Wasu kuma kan ɗauka haka kowace tsohuwar mota take, su ci gaba da tuƙi har ranar da wata gaɓa da ta daɗe a bushe za ta karye a tsakiyar hanya.

Akwai nauyin da aka ƙera motar da shi, akwai kuma wanda yake alamar cuta. Wanda ya iya bambance su ya tsira daga asarar kuɗi, wani lokaci ma daga asarar rai.

Nauyin da aka ƙera motar da shi

Na'urar sauƙaƙa juya sitiyari, wadda kanikawa ke kira fawa, ta fara shiga kasuwa ne a 1951 a motar Chrysler Imperial ta Amurka. Manyan motocin alfarma ne suka fara cin moriyarta. Masu ƙera motocin tsere, musamman a Turai, sun daɗe suna ƙaurace mata, domin tana ƙara wa mota nauyi, tana cin wani ɓangare na ƙarfin inji, sannan tana dusashe abin da direba ke ji a tafin hannunsa game da yadda tayoyin gaba suka kama titi.

Shi ya sa MGB, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, ta yi zamaninta ba ta da fawa. Jaguar E-Type ta fito a 1961, amma sai a 1971, da aka saka mata babban inji mai silinda 12, fawa ta zama abin da kowacce ke fitowa da shi. Porsche 911 ta jira har 1989. Kamfanin Lotus ma ya fitar da Elise a 1996 ba tare da ita ba, da gangan.

Akwai kuma dalili na biyu. Domin motar ta riƙa amsa umarnin direba nan take, ana tsara sitiyarin yadda juyi kaɗan zai karkatar da taya da yawa. Sitiyarin MGB juyi uku ne kacal daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu, alhali motar iyali marar fawa takan buƙaci juyi huɗu ko fiye. Aikin da za a yi a juyi huɗu idan aka matse shi cikin uku, dole kowane juyi ya ƙara nauyi. Tun ran gini, tun ran zane.

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati da suka tuƙa Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970, sun san ƙa'idar irin wannan tuƙi: ba a murɗa sitiyari mota na tsaye cik, sai an bar ta ta ɗan motsa.

Ana gane wannan nauyi na asali da alamomi huɗu. Yana bayyana ne lokacin da mota ke tsaye ko take tafiyar hawainiya. Yana gushewa da zarar ta ɗauki hanya. Daidai yake a dama da hagu. Bayan an sha kwana kuma, sitiyarin yakan koma tsakiya da kansa.

Idan aka rasa ɗaya daga cikin huɗun, akwai abin dubawa. Sitiyarin da ya ƙi komawa tsakiya, ko yake da wurin da yake maƙalewa sannan ya sake, ko ya fi nauyi a ɓangare ɗaya, ko ya ƙara nauyi cikin 'yan makonni, yana kai ƙara ne. Hikimar ita ce a bi binciken daga mai araha zuwa mai tsada.

A fara da taya

Ƙarancin iska shi ne dalili mafi yawa kuma mafi sauƙin magani. Taya mai lafiya ma takan rasa ma'aunin PSI ɗaya ko biyu a wata, motocin tsere kuwa sukan shafe makonni a ajiye. Tayar da iskarta ta ragu takan baje a ƙasa, faɗin robar da ke gurzar kwalta ya ƙaru, sai juya ta ya zama aiki. A auna da safe kafin tayar ta ɗau zafi, a kuma bi adadin da ke cikin littafin motar ko jikin ƙofarta. Cika iska fiye da kima, kamar yadda wasu masu faci ke yi, yana sauƙaƙa sitiyari, amma yana rage kamun titi, abin da ya fi nauyin haɗari.

Sai faɗin tayar. MGB ta fito da tayoyi masu faɗin milimita 155 zuwa 165, amma yau da yawa daga masu ita suna saka 185 ko 195 domin ƙawa. Ƙarin faɗin da kuma irin robar zamani mai kama titi sosai suna ɗora wa sitiyarin lodin da ba a ƙera shi dominsa ba. Haka rim ɗin da ya turo taya waje, ko farantin da ake cusawa tsakanin rim da ƙafa, yakan sa sitiyari fizge-fizge a kan gargada, ya kuma gajiyar da boris. Komawa girman taya da rim na asali ya warkar da motoci da dama ba tare da an kwance noti ɗaya a ƙafa ba.

Shi kansa da'irar sitiyarin abin lura ce. Tsofaffin motoci marasa fawa suna zuwa da faffaɗan sitiyari ne saboda dalilin da ke sa kanike neman doguwar sufana idan noti ya yi tauri. Wanda ya cire sitiyari mai faɗin inci 16 ya saka ɗan ƙarami mai inci 13 domin ya yi kama da na 'yan tsere, ya ƙara wa hannunsa aiki da kusan kashi 23 cikin 100.

Saitin ƙafa

Duk wanda ya lura da keke zai ga cewa ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba a kishingiɗe yake, ba a miƙe tsaye ba. Wannan kishingiɗa ce ke sa tayar ta riƙa miƙewa da kanta. Ƙafar gaban mota ma tana da irinta, masu saitin ƙafa suna kiran ta kasta. Idan ta yi yawa, mota takan tsaya daram a kan miƙaƙƙiyar hanya, amma sitiyari ya yi nauyi. Idan ta yi kaɗan, sitiyari ya yi sauƙi, motar ta riƙa yawo.

An ƙera MGB da kasta ta kimanin digiri bakwai, wadda ta dace da tayoyin da, masu zare a gicciye. Da tayoyin rediyal na zamani, wannan ya yi yawa, shi ya sa ake sayar da wasu 'yan ƙarafa da ke rage ta da kusan digiri uku.

Kasta tana kuma canjawa da kanta. Idan sifirin na baya ya gaji, bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga, kishingiɗar takan ƙaru. Idan kuma motar ta taɓa faɗawa rami ko ta bugi gefen titi har wani ƙarfe ya lanƙwashe, ɓangare ɗaya zai bambanta da ɗaya, sai motar ta riƙa ja gefe. Na'urar saitin ƙafa ce kaɗai ke nuna wannan da lissafi, kuma ya dace mai mota ya nemi a ba shi sakamakon a rubuce, kafin gyara da bayansa.

Gaɓoɓin da suka bushe

A nan ne haɗarin ya fi yawa. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo: a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da matokarai masu ƙarfi, tayoyin biyu su bar ƙasa, inji a kashe, sannan a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Tunda babu gurzar ƙasa, ya kamata ya tafi sumul da yatsu biyu. Idan ya tafi haka, matsalar tana wajen taya, saiti ko fawa. Idan har yanzu da tauri, wani ƙarfe ne ke cije wani.

Domin a gano wanne ne, kanike zai kwance tairod na dama da na hagu, wato sandunan da ke haɗa na'urar sitiyari da ƙafafun. Sai ya kama kowace taya ya juya ta da hannu, sannan ya juya sitiyarin shi kaɗai. Cikin 'yan mintoci za a san ko taurin a ƙafa yake, kuma wace ƙafa, ko kuwa a sama yake.

A motocin da suka fi tsufa, irin su MGB, ƙafar tana juyawa ne a kan wata ƙusa mai kauri da ake kira kimfin, wadda ke buƙatar giris kusan kowace tafiyar kilomita 5,000. Kanikawan da suka taso da motocin zamani, waɗanda gaɓoɓinsu a rufe suke, ba lallai su san da 'yan kofofin giris ɗin ba. Ana ɗura shi ne ƙafa na rataye, domin ya samu hanyar shiga inda nauyi ke dannewa, har sai sabo ya turo tsohon waje.

Triumph Spitfire tana da wata gaɓa ta tagulla mai zare a ƙasan ƙafar, wadda man giya mai kauri take so, domin giris yakan daskare a cikinta. Idan ta bushe, ruwa ya shiga, ƙarfen da ke juyawa a cikinta yakan yi tsatsa har ya tsinke, tayar ta naɗe ƙarƙashin mota. Nauyin sitiyari ne gargaɗin da ke zuwa kafin hakan.

A motocin baya-bayan nan, boljoyin da boris ɗin da ke saman shok ne ke yin wannan aiki. Da zarar robar da ke lulluɓe da boljoyin ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sukan shiga su haɗu da giris, su zama kamar yashin goge tukunya. Irin wannan ba a gyara shi, canja shi ake yi, kuma an fi so a canja na ɓangarorin biyu tare.

Idan ƙafafun lafiya suke, sai a dubi sandar da ta sauko daga sitiyari. Tana da 'yar gaɓa mai siffar gicciye, wadda kanikawa ke kira kuros, kuma sau da yawa tana kusa da zafin salansa. Alamarta ba ta ɓuya: cikin juyi ɗaya sitiyari zai yi tauri, ya sake, ya sake yin tauri. Fesa mata mai yakan lafar da ita na 'yan kwanaki, wanda hakan ke tabbatar da cewa ita ce, amma maganinta sabuwa.

Daga nan sai rak, wato sandar nan mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, wadda wani ɗan giya ke turawa dama da hagu. Bakinta biyu a rufe suke da roba mai kama da zugazugin maƙeri. Idan robar ta fashe, mai ya fita, ƙasa ta shiga. Rak ɗin MGB ma man giya yake sha, ba giris ba.

Akwai kuma taurin da hannun mai gyara ke jawowa. Haƙoran rak sun fi cinyewa a tsakiya, inda mota ke yawan tafiya. Idan aka ɗaure notin saiti domin a kashe lakon tsakiyar, sai gefunan da ba su cinye ba su cije. Haka abin yake a motocin da ke da akwatin sitiyari maimakon rak, irin su Mercedes SL da aka ƙera daga 1971 zuwa 1989: ɗaurin da ya wuce kima yakan hana sitiyari komawa tsakiya bayan kwana.

Idan motar tana da fawa

Fawa mai aiki da mai tana da sauƙin fahimta. Bel yana juya famfo, famfo yana matsa mai, wani bawul kuma yana tura man zuwa ɓangaren da direba ya juya, ya taya shi turi. Idan wannan taimako ya yanke, motar takan fi wadda ba ta da fawa tun asali nauyi, domin an tsara ta ne bisa dogaro da shi.

Lokacin da nauyin ke zuwa yakan nuna inda cutar take. Kukan famfo da kumfa a cikin kofin mai suna nufin man ya yi ƙasa ko iska na shiga ta wani tiyo da ya tsage. Ƙarar ƙyii idan an juya zuwa ƙarshe alamar bel ne da ya saki ko ya yi santsi. Nauyi lokacin da inji ke aiki a tsaye, wanda ke raguwa idan an taka totur, yana nuna famfo ya gaji. Nauyi a ɓangare ɗaya kawai yakan fito daga bawul. Nauyi da sassafe, musamman a sanyin hunturu, wanda ke gushewa idan mota ta ɗau zafi, alamar cikin rak ne ya cinye, kuma ƙaruwa yake yi.

Mai yakan ragu ba a ga ɗigo a ƙasa ba, saboda yana taruwa a cikin robar bakin rak. Matsa ta da hannu zai nuna. Corvette ta 1968 zuwa 1982 tana da bawul da silinda a waje, ƙarƙashin mota, tare da tiyo da yawa, don haka wuraren yoyonta sun fi yawa. Ita kuwa MR2 ta 1989, wadda injinta ke bayan direba, lantarki ne ke juya famfonta, saboda haka fis da waya ake fara dubawa.

Irin man da ake zubawa yana da muhimmanci ƙwarai. Honda tana da man sitiyarinta na musamman. Toyota da yawa man giya mai sarrafa kansa suke sha, irin jan nan. Wasu motocin Jamus kuma wani koren mai suke so mai lamba CHF 11S. Galibi an rubuta a kan murfin kofin. Man birki kuwa yana kumbura robobin ciki ya lalata su gaba ɗaya. Man da ya yi baƙi ko yake warin ƙuna a zubar da shi, a wanke, a zuba sabo. Idan ana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, famfo ne ke cin kansa. Wasu kofunan, kamar na BMW da dama, suna da matata a ƙasansu wadda ba a cirewa. Idan ta toshe, sabon famfo ma kuka zai yi har sai an canja kofin.

Bayan kowane irin aiki a fitar da iska: a ɗaga gaba, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa inji a kashe, ana cika kofi, sannan a tayar a maimaita. Direba kuma ya guji danne sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙoƙi, domin a nan ne man ke tafasa.

Motar da aka sauya wa hannu

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma dokar hanya ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba. Motocin tsere da yawa kuwa daga Ingila da Japan suke fitowa, inda sitiyari ke dama, don haka akan sauya musu hannu. Idan aka yi aikin da rak ɗin wata mota daban, ko aka yanke sanda aka yi mata walda, ko kuros ya zauna a karkace fiye da kima, sitiyarin zai riƙa cijewa komai yawan giris. Mai niyyar sayen irin wannan mota ya sa a ɗaga ta a duba masa wannan wuri kafin ciniki ya faɗa.

Saka fawa ta lantarki

Idan an duba komai lafiya, nauyin na asali ne, amma mai motar ya gaza saboda shekaru ko ciwon kafaɗa, akwai mafita. Ana ɗaura ƙaramar na'urar lantarki a jikin sandar sitiyari, ƙarƙashin dashbod, ba tare da an taɓa rak ba. Akwai waɗanda aka ƙera musamman domin tsofaffin motoci, wasu kuma kan ɗauko ta ƙananan motoci irin su Opel Corsa ko Toyota Yaris. Yawanci tana da maɓallin rage taimako ko ƙara shi, idan kuma ta mutu sitiyari yana ci gaba da aiki da ƙarfin hannu.

Sai dai tana jan wuta sosai wajen fakin, abin da tsohon dainamo ba lallai ya iya ɗauka ba. Haɗa sandar aiki ne na ƙwararre, domin ran direba a kanta yake rataye. Ya kamata kuma a adana sandar asali, saboda masu sayen tsofaffin motoci suna daraja wadda ba a yanke mata komai ba. Mafi muhimmanci, na'urar tana da ƙarfin da za ta murɗa busasshiyar gaɓa ba tare da direba ya ji komai ba, har ta karye. Saboda haka gyara ne farko, ita ce ƙarshe.

Lokacin da ya wajaba a ajiye motar

Tsarin da ya fi kare aljihu shi ne a auna iska, a duba girman taya da na sitiyari, a duba mai da bel, a ɗaga mota a gwada, a ba gaɓoɓi abincinsu, a je saitin ƙafa, sannan a yi maganar famfo ko rak. Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi kanike wane gwaji ya yi kafin ya yanke hukunci, ya kuma ga tsohon kayan da aka cire.

Amma idan sitiyari ya yi nauyi farat ɗaya ana cikin tafiya, ko ya maƙale a kwana sai da aka dawo da shi da ƙarfi, ko aka ji ƙarar ƙarfe daga ƙafar gaba yayin juyawa, babu sauran jira. A rage gudu a hankali, a sauka gefen hanya, a nemi motar ja. Kuɗin janye mota zuwa gareji bai kai na gadon asibiti ba.